Giwan Ruwa A Tafkin Da Ba Nasa Ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar kifi a Yawuri, ko Ibi, ko Numan, ko Makurɗi, ya san giwan ruwa. Kifi ne mai daraja, mai farar tsoka, ba shi da yawan ƙaya, shi ya sa ba kullum talaka yake sa shi a tukunya ba. Yana cikin Kogin Kwara, yana cikin Binuwai, yana cikin Tafkin Cadi tun kaka da kakanni. A bikin kamun kifi na Argungu ma, sau da yawa shi ne kifin da akan ɗora bisa ma'auni a ba mai shi kyauta. Babban cikinsu yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuwa yakan kai kilo 200. Ba mu taɓa jin wani masunci a ƙasarmu ya kira shi annoba ba.

Amma akwai inda wannan kifi namu ya yi ɓarnar da masana suke lasaftawa cikin mafi muni da aka taɓa gani a ruwa. Wurin kuwa shi ne Tafkin Biktoriya, can gabashin Afirka. Muna so mu ba da labarin nan dalla-dalla, 'yan'uwa, gama a cikinmu yanzu akwai masu kiwon kifi da yawa, akwai kuma masu tafiye-tafiye da suke komowa da iri ko dashe a cikin jaka, abin da ya faru can kuwa ba ya bukatar babban tafki kafin ya faru.

Tafkin Biktoriya shi ne mafi fāɗi a dukan Afirka. Fāɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000 da 'yan kai, wato ya fi jihohin Filato da Nasarawa a haɗe. Ƙasashe uku ne suke raba shi, Tanzaniya da Yuganda da Kenya, daga gare shi kuma wani babban reshe na Kogin Nilu yake fita ya nufi arewa. Ko da yake giwan ruwa yana cikin Nilu tun fil azal, bai taɓa shiga wannan tafki ba, domin a tsakanin Tafkin Albat, inda yake zaune, da Biktoriya akwai magangarar ruwa ta Murchison, inda kogin yake faɗowa daga kan dutse kamar yadda muke gani a Gurara, amma da ƙarfin da ya fi na Gurara nesa ba kusa ba. Babu kifin da zai iya hawa wurin. Wannan dutse shi ne ƙofar da ta tsare tafkin shekara da shekaru.

A bayan ƙofar nan kuwa akwai wani abin mamaki. Tafkin yana cike da waɗansu ƙananan kifaye dangin karfasa, yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Mutanen Tanzaniya suna ce da su furu, mutanen Yuganda kuwa nkejje. Wanda ya gan su a kwando zai ce duk ɗaya ne, amma da masana suka zauna suka bincika sai suka tarar iri-iri ne har fiye da 500, kusan dukansu kuma ba a samunsu ko'ina a duniya sai a nan. Kowane iri da aikinsa. Waɗansu suna kankare gansakuka daga jikin duwatsu, waɗansu suna tsince ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasan ruwa, waɗansu suna fasa dodon koɗi, waɗansu suna cin tsutsotsin ƙwari, har da waɗanda abincinsu shi ne ɓawon jikin sauran kifaye. Uwar takan riƙe ƙwanta a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, saboda haka 'ya'yan da take haifa kaɗan ne. Mu riƙe wannan, gama za mu komo kansa. Matan bakin tafki sukan jera waɗannan kifaye a tsinke su shanya a rana, su ne kuma naman miyar talaka, irin wanda ake saye da ɗan canjin da ya rage.

Turawan mulkin mallaka na Ingila ba su ga wata daraja a cikinsu ba. A ganinsu tarkace ne, ƙanana masu ƙaya, ba a iya sayar da su a birni. Kifin da suke so shi ne wata karfasa ta asalin tafkin da ake kira ngege, ita kuwa ta riga ta fara ƙaranci saboda ragar zare da aka shigo da ita tun farkon ƙarni na 20, wadda take kama kifi fiye da yadda yake haihuwa. Sai tunani ya zo wa waɗansu ma'aikata, suka ce me zai hana a kawo babban kifi mai cin 'yan'uwansa, ya cinye waɗannan tarkace ya mai da su tsoka mai kuɗi? Ga kuma Turawa masu sha'awar kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi, waɗanda za su ji daɗin samun ƙaton kifi a kusa.

Kada a ce ba wanda ya yi gargaɗi. Wani masani mai suna Michael Graham, wanda ya zagaya tafkin yana bincike a 1927 da 1928, ya faɗa a rahotonsa cewa shigo da irin wannan kifi yana da babban hatsari in ba a yi dogon nazari tukuna ba. Bayan shekaru, masanan da suke aiki a tashar binciken kifi ta Jinja su ma suka ƙi, ɗaya daga cikinsu kuwa, Geoffrey Fryer, ya rubuta dalilansa ya buga a 1960. Amma tun ana cikin gardama an riga an yi aikin a ɓoye. Tun daga 1954 ma'aikatan sashen namun daji da kifi na Yuganda suka fara ɗebo giwan ruwa daga Tafkin Albat suna sakewa. Da masunta suka fara cin karo da shi a ragarsu a 1960, sai masu son shirin suka ce ai aikin gama ya gama, tun da ya riga ya shiga a ƙara kawai. Haka aka ƙara sakin waɗansu a fili, da yardar hukuma, a 1962 da 1963. Ku duba shekarun nan da kyau. Tanganyika ta sami mulkin kai a 1961, Yuganda a 1962, Kenya a 1963. Waɗanda suka yanke shawarar suna ɗaure kayansu ne za su koma gida.

Sai kuma aka ji shiru. Wannan shiru shi ne abin da ya fi ba mu tsoro a cikin labarin duka. Shekara 20 da ɗoriya giwan ruwa yana cikin tafkin, ana kama shi jefi-jefi, ba wanda ya ga wani canji. Binciken da aka yi da jiragen jan raga daga 1969 zuwa 1971 ya nuna cewa ƙananan kifayen nan su ne kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin kifin da yake ƙasan tafkin. Da a ce a lokacin an tambayi masu gargaɗi ina masifar da kuka ce za ta zo, ba su da abin nunawa. Ashe kifin yana haihuwa ne yana yaɗuwa a hankali. Macen giwan ruwa guda ɗaya takan zuba ƙwai miliyoyi, ita kuwa furu 'yan kaɗan ne a bakinta. Da aka shiga shekarun 1980 sai abin ya fashe gaba ɗaya kamar ambaliya. Kafin shekarun su ƙare, kifayen da a dā su ne kashi 80 sun koma ƙasa da kashi 1 a wuraren da ake jan raga. Waɗansu masana daga Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, a ƙarƙashin Frans Witte, suna aiki a mashigin ruwan Mwanza tun 1977, saboda haka abin a gaban idonsu ya faru. A rahotonsu na 1992 sun ce daga cikin iri 123 da suka sani a wurin, 80 sun ɓace. Da aka auna da dukan tafkin aka ƙiyasta cewa iri wajen 200 ne suka tafi. Waɗansunsu ko suna ba a kai ga raɗa musu ba.

Mai karatu zai yi tambaya, ya kuwa kamata ya yi. In haka giwan ruwa yake, me ya sa bai cinye Binuwai ba? Amsar ita ce kifayen kogunanmu sun daɗe suna zama da shi, kowa ya san makwancin kowa. Ƙurungu yana da ƙayar da take maƙale wa mai haɗiye shi. Tarwaɗa da gaiwa suna da taɓo da fadama inda babban kifi ba ya iya bi. Da damina ruwa yakan malala cikin ciyayi, ƙananan kifaye su shiga su yi haihuwa a ɓoye. 'Ya'yan giwan ruwa su ma ba su tsira ba, gama tsage da sauran masu farauta suna cinsu tun suna ƙanana. Furu kuwa ba su taɓa ganin maƙiyi irin wannan ba, suna yawo a sarari cikin buɗaɗɗen ruwa, ba ƙaya, ba maɓoya. Abin da ya tabbatar da haka shi ne waɗanda suka tsira yawancinsu masu zama ne a tsakanin duwatsu, ko cikin fadamun bakin tafki, ko a ƙananan tafkunan da suke kewaye, irin su Kanyaboli a Kenya. Kifin bai sāke hali ba sa'ad da aka kai shi can. Abin da yake yi a Kainji shi ya ci gaba da yi.

Yanzu bari mu faɗi abin da masu kāre shirin suke faɗa, gama suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Kifin da ake kamawa a tafkin a shekara ya tashi daga wajen tan 100,000 a shekarun 1970 zuwa wajen tan 500,000 a 1990. Masana'antun gyaran kifi suka tsiro a Mwanza da Kisumu da Jinja da Entebbe, ana yanka tsokar ana sa ta cikin ƙanƙara ana ɗora ta a jirgin sama zuwa Turai, kuɗin da ƙasashen uku suke samu kuwa ya kai ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara. Masunta suka ƙaru har suka haura 200,000, ban da masu sassaƙa jirgi, da direbobi, da masu ɗinkin raga. Mutane sun gina gidajen kwano sun sa 'ya'ya a makaranta da kuɗin wannan kifi. A Tanzaniya har laƙabi aka yi masa, ana ce da shi mkombozi, wato mai ceto, suna mai nauyi ƙwarai a kan kifi. Wanda ya tsaya a Mwanza a 1995 ya ce wa masunci wannan kifi la'ana ne, dariya za a yi masa.

Duk da haka ba mu yarda cewa ciniki ya faɗa ba, dalilinmu kuwa shi ne wanda ya ci riba dabam, wanda ya biya dabam. Furu ana shanya su a rana, rana kuwa kyauta ce. Giwan ruwa yana da mai da yawa, in an shanya shi ruɓewa yake yi, sai dai a yi bandarsa ko a soya, banda kuwa itace take ci. Haka aka bi itatuwan bakin tafki da na tsibirai ana sara. Ƙaramar ragar da talaka yake da ita ba ta iya riƙe ƙaton kifi, yayyaga ta yake yi, saboda haka sai mai jarin sayen babbar raga da jirgi mai inji ne ya iya shiga harkar, masunci mai ɗan kwalekwalensa ya koma ɗan ƙodago a jirgin wani. Matan da a dā suke sayen kifi a bakin ruwa su kai kasuwa suka tarar motocin masana'anta sun riga su, da farashin da ba za su iya biya ba. Abin da ya rage musu shi ne ƙashin baya da kai, wato abin da masana'anta ta zubar bayan ta yanke tsoka. A Kenya ana kiran wannan mgongo wazi, ma'anarsa buɗaɗɗen baya. Shi ake soyawa ana sayar wa mutanen da suke kwana suna tashi a bakin tafki mafi girma a Afirka.

Ruwan kansa ma ya sāke. A nan sai mu yi adalci, gama ba giwan ruwa kaɗai ne da laifi ba. Jama'a sun ƙaru a kewayen tafkin, an sare dazuzzuka, ƙasar gonaki da ƙazantar birane suna gangarowa ciki, wannan kuwa taki ne ga gansakuka. Amma a daidai lokacin da tafkin ya fi bukatar masu share shi, a lokacin ne aka cinye su. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruɓar ta shanye iskar da kifi yake shaƙa a ruwa mai zurfi, har aka riƙa ganin matattun kifaye birjik a kan ruwa a shekarun 1980. Daɗin daɗawa, furu da launi suke gane jinsinsu a lokacin aure, da ruwa ya yi duhu sai irin da suka ragu suka fara cakuɗuwa da juna. An kuma shigo da waɗansu karfasa daga waje a shekarun 1950 ɗin nan, su ne suka ƙarasa ture ngege daga tafkinta.

Arzikin ma bai zauna daram ba. Kasuwar da take hannun baƙo, ranar da ya ga dama yake rufe ta. A 1999 Tarayyar Turai ta hana shigo da kifin tafkin bayan rahotannin cewa waɗansu suna kamun kifi da guba, ba a buɗe ba sai a 2000, masana'antu suka tsaya, ma'aikata suka zauna a gida. Bayan haka yawan kamu ya sa manyan giwan ruwa suka yi wuya, masana'antu da dama suka rufe saboda rashin kifi. Kifin da ya gama da furu ya koma cin ƙananan jatan lande da 'ya'yansa na cikinsa. Abin da aka fi kamawa a tafkin ya koma wani ɗan mitsitsin kifi da ake kira dagaa, wanda ake kamawa da dare da hasken fitila, da yawansa kuwa abincin kaji ake yi da shi. Sai ga wata sabuwar kasuwa, ta jakar iskar da take cikin cikin giwan ruwa, wadda ake busarwa a kai ƙasar Sin, kuɗinta kuma ya fi na tsokar. Ƙasashen uku sun kafa hukumar kula da kamun kifi ta tafkin a 1994, da hedkwata a Jinja, aka sa dokar girman kifin da za a kama. A 2017 gwamnatin Yuganda ta sa sojoji a kan ruwa domin su hana kama ƙananan giwan ruwa. Ku ji fa! Kifin da aka shigo da shi a ɓoye, yau bindiga ce take gadinsa, gama miliyoyin bakuna sun dogara gare shi. Ba a iya fitar da shi, ba a kuma iya rabuwa da shi. Sakin abu mai rai cikin ruwa zarar bunu ne. Gaskiya ne da giwan ruwa ya ragu waɗansu irin furu sun sāke bayyana, muna kuwa murna da haka, amma da yawa har wa yau ba a sāke ganinsu ba.

Wani zai ce, to, kuna nufin duk abin da ya zo daga waje mugu ne? Ko kaɗan. Masarar da muke tuwo da ita, da rogo, da gyaɗa, da tumatir, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Mangwaro da darbejiya daga wajen Indiya suke. Yawancin abin da aka kai wata ƙasa ko dai ya mutu, ko ya zauna lafiya inda aka ajiye shi, kaɗan ne suke ƙwacewa su zama annoba. (Kada kuma wani ya ɗauki wannan magana ya kai ta kan 'yan Adam, ya ce ga abin da baƙo yake yi wa ɗan ƙasa. Mun ga inda irin wannan harshe ya kai garuruwanmu. Maganar kifi da ƙwari muke yi.) Wahalar ita ce ba a gane wanda zai ƙwace da ido, sai da gwaji, gwaji kuwa yana cin lokaci da haƙuri.

Akwai misalai biyu da suke nuna bambancin. A 1935 masu noman rake a arewa maso gabashin Ostireliya suna fama da wani buzuzu, sai aka kawo musu manyan kwaɗi 102 daga tsibirin Hawayi domin su cinye shi. Ba a tsaya an duba ko kwaɗon yana iya kaiwa inda buzuzun yake ba. Bai yi maganin buzuzu ba, ya bazu cikin daji, ga shi da dafi a fatarsa, sau da yawa maciji ko guza ko ƙaramin kada da ya haɗiye shi yakan mutu. Yanzu miliyoyi ne, sun ratsa arewacin ƙasar har sun shiga yammacinta tun 2009. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na biyun kuwa a ƙasarmu aka yi shi. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotson rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka, aka fara ganinsa a yankin Kwango, ya bazu har Nijeriya, a waɗansu gonaki yana hallaka kashi 80 cikin 100 na amfani. Masanan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da take Ibadan, a ƙarƙashin Hans Herren, suka nemi maƙiyinsa na asali, aka samo shi a ƙasar Faraguwai, wani ɗan ƙanƙanin zanzaro ne da yake zuba ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. Ba su kawo shi kai tsaye ba. Sai da aka killace shi a Ingila aka tabbatar ba ya ɗauke da cuta, ba ya kuma taɓa kome sai wannan ƙwaro, sa'an nan aka sake shi kusa da Ibadan a 1981. Rogon Afirka ya tsira, Herren kuwa ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Dukansu biyu baƙi ne aka kawo da kyakkyawar niyya, ɗaya an gwada shi, ɗaya ba a gwada ba.

Mu kanmu mun riga mun ɗanɗana, ko da yake namu ba da gangan aka kawo su ba. Manoman tumatir na Kano da Kaduna ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta gangaro. A farkon wannan shekara ta 2016 kuma aka fara ganin tsutsar nan mai shiga zuciyar masara a kudu maso yammacin Nijeriya, ita ma daga Amurka, kafin shekara biyu ta game kusan dukan Afirka kudu da Sahara. A 2020 aka gano wani sauro ɗan asalin Asiya a Jihar Gwambe, mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi son haihuwa a tankunan ruwa da randunan cikin birni. A ƙasar Jibuti, inda aka fara ganinsa a 2012, masu zazzaɓin sun tashi daga 27 a wannan shekara zuwa fiye da 70,000 a 2020. Ana kyautata zaton waɗannan a cikin kaya suka shigo, a jirgin ruwa ko na sama ko bayan mota. Muna da hukumar killace kayan gona da take da ma'aikata a tashoshin jiragen ruwa da na sama da kan iyakoki, amma sau nawa matafiyi yake ganin aikinsu a matsayin ɓata lokaci, ya ɓoye 'yan itatuwan rogo ko damin dashe a ƙarƙashin tufafi? Ya kamata gwamnati ta ba wannan hukuma kayan aiki da ma'aikatan da suka isa, mu kuma mu daina yi mata wayo, gama gonarmu ce ake tsarewa.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wajen kiwon kifi, domin a nan ne hannunmu yake iya yin abin da ma'aikatan Yuganda suka yi a 1954. Kiwon kifi sana'a ce mai kyau, ta rufa wa iyalai da yawa asiri, ƙungiyoyin matasa da na mata da dama sun haɗa kuɗi sun haƙa tafkuna, muna kuwa goyon bayansu. Amma an fara jin masu talla suna cewa ga sabon iri daga waje, mai saurin girma, mai cin kome. Saurin girma da cin kome su ne ainihin halayen da suke sa kifi ya zama annoba ranar da ya kuɓuce. Tarwaɗarmu ta gida ma, wadda muke kiwo ba tare da fargaba ba, da aka kai ta Indiya ta shiga koguna ta yi ta cin kifayen wurin har gwamnatin ƙasar ta hana kiwonta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tafkin kiwo kuwa ba kurkuku ba ne. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shafe tafkunan kiwo da yawa a bakin Binuwai da Kwara, abin da yake cikinsu kuma kogi ya bi.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya da take shirin sayen 'ya'yan kifi ta tambayi mai sayarwa sunan irin da inda ya samo shi, in kuwa ba kifin kogunanmu ba ne, ta je wurin jami'in kula da kifi na ma'aikatar gona kafin ta biya ko kwabo. Wanda kiwo ya gagare shi ya sayar, ko ya yi banda, ko ya raba wa maƙwabta, kada ya buɗe magudana ya ce ya yi wa rafi kyauta. Haka nan mai ɗan akwatin gilashi na kifin ado a ɗaki, in ya gaji da su kada ya kai su dam ɗin gari. Manomin da ya ga baƙon ƙwaro a gonarsa ya kama ɗaya ya sa a kwalba ya kai wa malamin gona tun abin yana gona ɗaya. Waɗanda tafkunansu suke cikin fadama kuwa, inda ruwa yake hawa a watan Agusta da Satumba, su ɗaga gaɓar tafkin su sa raga a bakin magudana tun da rani, ko kuwa su kwashe kifin su sayar kafin kogi ya cika.